Karambanin da Ya Ci Yatsu Biyu

A ƙasar Zuru ba a zaunar da yaro a yi masa bayanin bindiga, tashi yake yi ya gan ta. Tun zamanin Turawa ake ɗibar soja daga nan. Kakanninmu da yawa sun je Yaƙin Bama sun dawo, kuma da wuya ka bi layi guda a Rikoto ba ka wuce ƙofar wani tsohon soja ko ɗan sanda ba. Ƙasar ce ta haifi Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauci a 1984 kafin daga baya ya hau sarautar Zuru. Idan ka tambayi yaro namiji a unguwarmu abin da yake so ya zama, ka riga ka san amsar tun bai buɗe baki ba.

Ni ban sa kaki ba. Malamin makaranta ne, tarihi nake koyarwa. Abin da ke ɗebe mini kewa bayan aji abu biyu ne: bin mafarauta da rani, da taɓa ƙarfe. Na sayi ɗan injin walda na gwanjo, ina gyara ƙyauren maƙwabta, ina haɗa kujeru da murhun gawayi a ƙarshen mako. Kowa ya gani sai ya ce, “Kai Malam, ashe hannunka na da albarka haka!” Yabon nan ne ya fara ɓata ni, domin na ɗauke shi da gaske.

Farautar kuwa a bayan Baffana nake yin ta, ƙanen mahaifina, tsohon saje ne da ya yi ritaya. Idan an gama girbin dawa, an yi bikin Uhola, ciyawa ta bushe, sai su haɗu da abokansa su nufi gindin duwatsu neman zomo da fakara da zabon daji da gyazbi. Baffa yana da bindigar kamfani mai baki ɗaya, ta tsufa har baƙinta ya koɗe, takardarta kuma tana naɗe a leda cikin akwatinsa. Aikina shi ne riƙon jaka da kora. Wani lokaci idan ransa ya yi fari ya miƙo mini in harba sau ɗaya yana tsaye a kafaɗata. Mutum ya haura shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya, a ce har yanzu aron bindiga yake yi kamar ɗan yaye! Abin ya tsaya mini a rai. Na ƙudura sai na mallaki tawa.

Sai na zauna da biro da takarda, irin zaman malamai, na jera hanyoyin da ke gabana.

Ta farko ita ce in sayi ta kamfani. Kuɗinta ya fi ƙarfin albashina na watanni da yawa, ga kuma batun lasisi. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai manyan makaman yaƙi da aka haramta wa farar hula, sai shugaban ƙasa ya ba da izini. Akwai bindigogin farauta na kamfani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato adaka ko bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da takardarsu. Ƙerawa ko haɗawa ko ma gyara ba a yin su sai da izini na musamman, kuma wanda aka kama da bindiga ba takarda yana iya cin ɗaurin shekara 10. Duk wannan na sani. Ba zan ce jahilci ya ja ni ba, domin da bakina na taɓa yi wa wani abokin aiki wannan bayani a ofishin malamai.

Lokacin ma ya taimaka wa son zuciyata. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe sama da mutum 60. A watan Yuni na shekarar kuma gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya fito fili ya ce jama'arsa su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, Zamfara kuwa iyaka muke da ita ta Danko-Wasagu. A irin wannan yanayi, idan ka ce kana neman bindiga ba mai tambayarka dalili. Ni na san tawa ta zomo ce da burga, amma na bar mutane suna zaton ta tsaro ce, don ya fi daɗin ji.

Hanya ta biyu ita ce in je wurin maƙeri. Ta uku kuwa, wadda zuciyata ta riga ta zaɓa tun kafin in ɗauki biro, ita ce in ƙera da kaina. Na samo wani bututun ƙarfe mai kauri a wurin 'yan jari-bola, na goge shi ya yi ƙyalli, na ce bari dai in kai wa wani dattijon maƙeri da muke mutunci ya sa mini albarka. Gaskiyar magana yabo na je nema.

Na same shi yana ƙoƙarin gama garma, jikansa na kan zuga-zugi. Ya ajiye masaba, ya share hannu a jikin walkinsa, ya karɓi bututun. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa ya leƙa cikinsa da ido ɗaya. Ya rataye shi da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da awartaki, ya kara kunne yana sauraro har ƙarar ta mutu. Ya sake ƙwanƙwasa wani wurin. Sannan ya ce, “Malam, ina ka samo wannan?”

Na faɗa masa.

“Wane aiki ya yi kafin ya zo hannunka? Ruwa ya ɗauka, ko mota ya riƙe, ko wuta ya sha?”

Na ce ban sani ba, Baba.

“To ni ma ban sani ba. Ƙarfen da ban san asalinsa ba, ba na kai shi kusa da fuskar mutum.” Ya miƙo mini abina. Ya ce mahaifinsa ya yi ƙirar adaka shekara da shekaru, kuma bai taɓa damƙa wa mai ita ba sai ya kai ta bayan gari ya ɗaure a jikin itace ya gwada daga nesa. “Duk da haka da ido ɗaya ya koma ga Allah. Ni na bar wannan aiki tuntuni. Garma ba ta taɓa kai ni gaban alƙali ba.”

Na yi godiya na fito, ina cewa a raina kishin sana'a ne, tsoho ba ya son ɗan boko ya shiga gonarsa.

Nan kuma ilimin tarihin nawa ya yi mini mummunan aiki. Duk shekara ina koya wa ɗalibai labarin Samori Ture, yadda Turawa suka taru a Brasels a 1890 suka hana shigo da bindigogin zamani Afirka, suka bar mana sai tsofaffin na ƙanƙara da albarushi, da yadda maƙeran Samori suka riƙa kwaikwayon bindigogin Faransa suna ƙera irinsu har ya yi ta gwabzawa zuwa 1898 da aka kama shi. Sai na ce wa kaina, mutanen da ba su da lantarki sun yi, ni mai injin walda me zai gagare ni? Abin da na tsallake, alhali yana cikin darasin, shi ne waɗancan maƙera gadon gidansu ne, a bakin wuta aka haife su, ba su da wani aiki sai shi, kuma suna da yawa, wani na duba aikin wani. Ni kuwa ni kaɗai ne a zaure da daddare, na tura ƙofa don kada kowa ya gani, balle ya gyara mini.

Ba zan zayyana yadda na haɗa ta ba. Abin da zan faɗa shi ne inda ƙwazona ya tafi. Na samo icen maɗaci na sassaƙa mata ƙota, na yi ta gogewa har ta yi santsi, na shafe ta da man kaɗe ta yi ja wur. Na jera mata ƙusoshin tagulla a gefe, na kai wa baduku ya ɗinka mata maratayi na jar fata. Duk wanda ya ga bindigar nan sai ya ce daga kanti ta fito. Bututun kuwa, wanda shi ne bindigar, yana nan yadda maƙeri ya miƙo mini shi, ban ƙara sanin komai a kansa ba.

Na kai ta daji na gwada, ta tashi. Na sake, ta sake tashi. Da ta fashe a ranar farko da na tsira da ɗan rauni da kunya, magana ta ƙare. Sai ta yi ta tashi, ni kuma kowace ƙara na ɗauke ta shaidar cewa tsoho ya yi kuskure. Daga baya na fahimci cewa ƙarfe yana gajiya. Idan akwai 'yar tsaga da ido ba ya gani, kowane harbi yana ƙara buɗa ta kaɗan. Tokar albarushi kuma tana jan laima, ta zauna a ciki tana cin ƙarfen da tsatsa, waje na ƙyalli. Damina guda ta wuce a kanta tana jingine a bayan ƙyaure.

Baffa ya gan ta sau ɗaya. Bai ko taɓa ta ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa, ya karya ta, ya nuna mini wasu ƙananan tambura da aka buga a gindin bututun, waɗanda na sha gani ban taɓa tambayar amfaninsu ba. Ya ce, “Ina na taka?” Na yi dariya na ce, Baffa, ai tawa ƙirar Rikoto ce. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Kada ka biyo mu da ita, kada kuma ka ba ɗan kowa.” A bariki, in ji shi, ko harsashi aka ga alamar shakka a jikinsa ware shi ake yi, ba a jiran a ga abin da zai yi.

Sai bayan da mai afkuwa ta afku na bi diddigin tamburan nan. A birnin Bamingam na Ingila, inda aka ƙera ɗimbin bindigogin da aka yi ta kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, majalisar dokokinsu ta kafa gidan gwajin bindiga tun 1813, kuma yana aiki har yau. Kowane bututu sai an kai shi can, a ɗura masa abin da ya fi ƙarfin wanda zai riƙa ɗauka, a harba a ɗaki rufaffe ba kowa a kusa, a duba shi. Wanda ya jure a buga masa tambari, wanda ya tsage ya tsage a inda babu hannun mutum. Beljiyam na da irin wannan gida a Liyej. Ashe abin da mahaifin maƙerinmu yake yi da itace a bayan gari shi ne Turawa suka gina wa gida suka kafa wa doka. A lissafin da na yi da biro na sa kuɗin ƙarfe da na katako da na fata, na ga na kamfani ya ninka nawa sau da yawa, na ce cuta ce. Ban sa kuɗin wannan gwaji ba, don ban san ana sayar da shi tare da bindigar ba.

Ɗan yayata ya gama sakandare a lokacin, yana jiran a buɗe ɗaukar soja. Kullum da asuba za ka gan shi yana gudu a hanyar Dabai, ya dawo ya yi ta tsallen kwaɗo a ƙofar gida. Da kaka ta yi, birai suka addabi gonar uwarsa da ke gindin dutse. Ya zo ya durƙusa ya ce, “Kawu, ara mini bindigarka in tsorata su, ko sau ɗaya na harba sama ba za su dawo ba.” Maganar Baffa ta faɗo mini a rai sarai. Amma yaron ya ce “bindigarka” da wata irin girmamawa da na daɗe ina jiran ji. Na ɗura masa da hannuna, na rataya masa a kafaɗa.

La'asar ba ta yi ba aka kawo shi a kan babur, an naɗe hannun hagunsa da rigarsa, rigar ta jiƙe sharkaf. Bututun ya tsage daidai inda ya tallafe shi.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farkon muni, kuma shi ne na fi jin nauyin rubutawa. Tsoron hukuma ya rufe mini ido. Maimakon asibiti, sai na ce a kai shi wurin wani mai kemis a bayan layi, na ce masa injin markaɗe ne ya kama yaron. Ya wanke, ya ɗaure, ya yi allura. Yaron ya kwana yana nishi, bai tona ni ba ko da kalma ɗaya. Da gari ya waye hannun ya kumbura ya canja launi, yayata ta ɗauki ɗanta ta nufi asibiti ba ta ko dube ni ba, na bi su a baya. Likitan da ya duba ya zaro ɓarɓashin ƙarfe ya ajiye a faranti, ya ɗago ya ce, “Malam, injin markaɗen naku albarushi yake sha?” Sannan ya gaya mini abin da ya kamata malami ya sani: tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda harbi ya raunata nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, daga baya a sanar da su. Aka yanke babban yatsa da manuni. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce babban ya riga ya tafi tun a gona, amma manunin da an zo jiya da wataƙila an cece shi.

Baffa ne ya tattara gutsattsarin bindigar a buhu, ya sa ni gaba har wurin hukuma. Na faɗi abin da ya faru, aka rubuta, aka karɓi buhun. Dattawan dangi suka shiga maganar, uwar yaron ta ce ba ta son shari'a, aka bar ni na koma gida. Na san akwai mutane a gidan yari waɗanda laifinsu bai kai nawa ba, bambancinmu kawai ba su da baffa mai furfura da zai tsaya musu.

'Yan jaje suka yi ta zuwa suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ƙaddara ta riga fata. Na yi imani da ƙaddara. Sai dai mutum biyu da suka fi ni sanin ƙarfe sun gaya mini tun da wuri, kowanne da irin bakinsa, kuma na ji su da kunnena. Duk lokacin da aka ce “tsautsayi” sai in ji kamar ana raba laifin ana ɗora wa wanda ba ya nan.

Na je wurin limaminmu na tambayi abin da ke kaina. Ya ce a shari'a kowane yatsa diyyarsa raƙuma 10 ne, wato ushirin diyyar rai, babba da ƙarami duk ɗaya. Na tafi wurin yayata da wannan magana, na ce zan sayar da filina. Tana tankaɗen garin dawa, ba ta tsaya ba. Ta ce, “Riƙe raƙumanka. Soja za su ɗauke shi da raƙuma?” Ba za su ɗauka ba, kowa a Zuru ya san sai mai cikakkiyar gaɓa ake ɗauka. Daga baya ta aiko Baffa da sharaɗinta: karatun yaron daga nan har inda ya tsaya yana wuyana. Yanzu yana Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a nan Zuru a 2020. Ya koyi riƙe fartanya da yatsu uku. Yana gaishe ni da ladabi kamar da, wanda wani lokaci na fi son da zagina ya yi.

Na sha tambayar kaina, da na daure na tara kuɗi na sayi ta kamfani fa? Bututun ba zai fashe ba, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya ɗura bindiga ya rataya wa yaron da bai taɓa koyon harbi ba, don kawai an kira shi mai bindiga, ko ta kamfani aka ba shi zai samo wata hanyar yin ɓarna. Ballantana ma ƙofar sayen ta ƙara ƙuntata, domin a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Akwai hanya ta huɗu da ban rubuta a takardata ba, wato in ci gaba da riƙon jakar Baffa, kuma ita ce nake kai yanzu, idan ya yarda na bi su.

Ba na sa kaina a sahun mutanen ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu da ke kwana da adaka a gefen shimfiɗa saboda masu AK-47 na iya dirowa kafin asuba. Wannan wata magana ce mai nauyi, kuma wanda ke kwana cikin garin Zuru kusa da bariki ba shi da bakin yi musu wa'azi. Su tilas ta sa su. Ni ba abin da ya kore ni.

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo zaurena da yamma ina walda ƙafar gado. Ya jira har na kashe inji, ya waiga, sannan ya zaro wani bututu daga buhun taki. Ya ce an gaya masa na taɓa yin irin aikin, ɗan liƙi kawai yake so a gindi, sauran shi zai ƙarasa. Na tambaye shi inda ya samo ƙarfen, ya ce wurin 'yan jari-bola. Na ce ba zan yi ba. Na ba shi labarin duka, har da na mai kemis, na ce idan yana so in kai shi ya ga hannun. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da bututunsa cikin buhu, ya ce, “Malam, ai kai ba ka iya ba ne.” Ya sa kai ya fita. An ce mini ya sami wanda ya yi masa a wani gari.